Shanun Surukina Sun Danne Mini Manhaja

Goggo Fanta, don Allah ki taimake ni da shawara. Na shiga wani lungu da wayona ya kasa fitar da ni, ni kuwa mutum ne da ya daɗe yana cin abinci da wayo. Ki yi haƙuri idan wasiƙar ta yi tsawo. Ɗan kasuwa ne ni, ba mu saba faɗin farashin gaskiya a karon farko ba, sai an ɗan zaga.

Kafin komai, ba kuka na zo yi ba. Alhamdu lillahi, asirina a rufe yake. Ina da ɗan shagon kayan waya a nan cikin Gombe: caja, batir, gilashin fuska, robar baya, duk tarkacen da waya ke ci. Ina da mata, Fauziyya, wadda ba ta da mita, da yara masu lafiya da ƙiriniya. Karatuna sakandare ne, sai wata 'yar difloma da na faro na bari, don kasuwa ta fi malamai iya kiran mutum. Da za a ce in sake zaɓen rayuwa, wannan ɗin dai zan sake ɗauka, sai dai in roƙi a rage mini zafin bazara.

Abin da ya bambanta ni da maƙwabtana na layi shi ne, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke mutuwa kowa ya miƙe a benci, ni sai in buɗe wata tsohuwar kwamfutar cinya da na samu a musaya. Da ita na koya wa kaina haɗa manhajar waya. Babu malami, babu aji. Bidiyoyin intanet ne kawai, na wasu Indiyawa masu saurin baki. In tsayar, in koma baya, in kwaikwaya, abu ya ƙi, in zagi kwamfutar, in ba ta haƙuri, mu ci gaba. Mai sayen caja ya zo, in sallame shi da hannu ɗaya. Haka har ranar da na danna wani maɓalli da ni na ƙera shi, wayar ta amsa. Goggo, na sha cin riba a kasuwa, amma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Dalilin manhajar kuwa abokina ne, Aƙilu tela, maƙwabcina a unguwar Kagarawal. Kin san abin da ake faɗa a kan teloli da alkawari. To shi Aƙilu ba maƙaryaci ba ne, mantuwa ce da shi kamar an yi masa asiri. Na taɓa sa masa manhajojin tunatarwa na Turawa, suka ƙi zama, domin su sai ka rubuta, kuma sai ka faɗa musu ƙarfe nawa da minti nawa. Wa ke yin alkawari da minti a Gombe? Mu bayan la'asar muka sani, ko kafin magariba, ko in an sauko Juma'a, ko jajiberin kasuwar Kwadon. Sai na haɗa tawa a kan haka. Maɓalli ɗaya ne babba a tsakiya. Ka danna, ka faɗi abin da za ka yi da bakinka, ka zaɓi lokaci irin namu, in lokacin ya yi wayar ta mayar maka da muryarka. Na sa mata suna Tuna Mini. Ranar farko ina zaune a shagon Aƙilu, sai wayarsa ta buɗe baki da muryarsa tana cewa Aƙilu ya ji tsoron Allah ya yanka wandon liman. Muka yi dariya har da riƙe ciki, amma dai liman ya sa wandonsa ranar Juma'a.

Daga nan abu ya bazu ba tare da na yi talla ba. Teloli suka ba teloli, makanikai suka karɓa, mata masu girkin biki da masu dambun nama suka karɓa, har malaman makaranta. Wata rana ina cikin Keke Napep, wayar wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ta tuna masa ya sayo wa tsohuwarsa maganin ƙafa. Na dai biya masa kuɗin keken, ya bi ni da kallo yana tunanin ko takara nake shirin tsayawa.

Yanzu ga inda gizo ya fara saƙa. Ubangidana na farko a kasuwa, Allah ya jiƙansa, doka ɗaya ya kafa mini tun ranar da ya ba ni mabuɗin shago. Kalmar babu ba ta fita daga bakin ɗan kasuwa. Mutum ya tambayi abin da ba ka da shi, ka ce akwai, ka ce ya zauna ya sha ruwa, ka fita ta baya ka karɓo a shagon maƙwabci, ka dawo kana haki kamar daga sito kake. Da wannan dokar na kama ƙafata a kasuwa, kuma da ita na shigo aikin manhaja ban sani ba. Na buɗe wa masu amfani da ita guruf don su riƙa faɗin ra'ayi, sai ya koma layin masu saye. Friday makanike ya ce yana so ya riƙa liƙa lambar mota a jikin kowace tunatarwa. Na ce akwai. Halimatu Sadiya mai girkin biki ta ce ta riƙa faɗa mata shinkafa mudu nawa za ta ishi baƙi kaza. Na ce tana hanya. Wani malami, Gilbert, ya nemi jadawalin darasi mai launi-launi. Wani ya nemi sakamakon ƙwallo, wani hasashen ruwan sama. Ban taɓa cewa babu ba. Matsalar ita ce a nan babu shagon maƙwabci. Ni ne mai shago, ni ne maƙwabci, ni ne sito.

Kuma kada ki ji tausayina, don daɗi nake ji. Kowace buƙata kamar kwaɗo ne da aka miƙo mini ba mabuɗi, in yi ta juya shi har ya buɗe. Waɗannan duk ƙananan kaya ne. In na kwashe su gobe, za a yi mini tsiya a guruf kwana kaɗan a manta. Babban kayan na surukina ne.

Ba zan iya rubuta sunansa ba ko a takarda, don haka bari in ce Alhaji. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, gidansa na unguwar Malam Inna, garkensa kuma na can wajen Kwadon a hannun danginsa. Bafulatani ne na kunya da kawaici. Lokacin da na nemi Fauziyya bai hana ni ba, amma bai yi murmushi ba. Tun daga nan zamanmu gaisuwa ce. In tsuguna can bakin ƙofa wurin takalma, in ce ina wuni, ya ce lafiya, madalla, in tashi. Bai taɓa wulaƙanta ni ba, bai kuma taɓa tambayata komai ba. Na dai ji labarin ya taɓa tambayar Fauziyya ko mijin nata yana da wani aiki ban da latsa waya.

Ita Fauziyyar ce ta sa masa Tuna Mini don maganinsa na hawan jini. Abin ya burge shi. Sai saƙo ya biyo hanyar da saƙonnin gidan ke bi, daga shi zuwa surukata, daga ita zuwa Fauziyya, daga Fauziyya zuwa gare ni ina cin tuwo: wai shin abin nan na mijinki zai iya riƙe shanu? Goggo, kin riga kin san amsar da na bayar. Ko lomar ban haɗiye ba.

Na zauna na gina masa sashe guda. Kowace saniya da hotonta, da sunanta, da sunan uwarta, da lokacin da ta haihu, da lokacin allurarta. Ya gani ya aiko cewa hoto ba ya nuna saniya, a tafiyarta ake gane ta. Na koyi yadda ake sa bidiyo, na sa. Ya aiko yana so ya riƙa jera hoton saniya na rani da na bayan damina gefe da gefe, ya ga yadda ta murmure. Na yi. Wallahi a duk abin da na taɓa haɗawa, babu wanda ya kai wannan sashen kyau. Ranar da na kai masa da kaina, na tsuguna a wurina na kullum, sai ya buga hannu a kan dardumar da yake zaune. Na ɗauka ƙura yake kakkaɓewa. Ya sake bugawa. Na matsa na zauna kusa da shi. Ya sa aka kawo fura da nono, wadda ban iya sha a gabansa ba, ya yi ta nuna mini shanunsa ɗaya bayan ɗaya a cikin abin da ni na haɗa, yana ba ni tarihin kowace. Da zan tafi ya ce Allah ya yi wa Injiniya albarka. Ni da difloma ta gagara! Yanzu kullum bayan la'asar wayar na hannunsa a majalisarsu, tsofaffi na leƙe. Karsanar da aka haifa masa bana, Tuna Mini ya sa mata suna.

A duk masu amfani da manhajar, shi kaɗai ne ke buɗe wannan sashen. Saura ba su da shanu.

Abin da ban lissafa ba shi ne nauyi. Kayan hoto da bidiyon da na cusa sun sa manhajar ta yi ƙiba. Wayar Alhaji babba ce, 'ya'yansa suka saya masa, ba ta ko jin a jikinta. Amma yawancin mutanena ƙananan wayoyi ne da su, irin waɗanda in abu ya yi musu nauyi sai su kashe shi a ɓoye don su samu numfashi. In waya ta kashe Tuna Mini, lokaci zai zo ya wuce ba ta ce uffan ba. Aka fara ƙorafi a guruf, ina ta cewa gyara na hanya.

Sai abin ya faɗa kan Aƙilu. Wani gida da suka daɗe suna ɗinki a wurinsa suka kawo ankon bikin 'yarsu. Ya faɗa wa wayar, ya saki jiki, don ta saba masa da cika alkawari. Ba ta yi magana ba. Ranar kamu da safe mata suka zo karɓa, suka tarar da atamfofinsu a leda yadda suka kawo su, ko almakashi bai taɓa su ba. Abin da suka yi masa a bakin titi ba zan maimaita ba. Suka kwashe kayansu, kuma kin san bakin mata a unguwa, har waɗanda ba a gayyata bikin ba sun ji. Wasu ma sun zo sun karɓe yadukansu tun kafin ranarsu.

Da ma ya zo ya zage ni, da na fi samun sauƙi. A'a. Ya zo shagona, muka gaisa, ya tambayi yara, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce in taimaka in cire masa manhajar, shi bai san yadda ake cirewa ba, kuma yana tsoron kada ta sake yi masa shiru. Da hannuna na cire. Mutumin da saboda shi na haɗa ta.

Na yi gwaji don kada in zargi shanu a banza. Na yi kwafin manhajar na zare sashensu, na sa a kan wata tsohuwar waya da ke kwance a durowar shago, wadda ko kyauta ba mai karɓa. Ta tashi kamar tsuntsuwa, ta yi magana a kan lokaci. Na mayar da shanun, ta koma nishi. Na gwada rage musu nauyi ta duk hanyar da na sani da wadda na kalla a bidiyo, ilimina bai kai ba. Wataƙila kamfani mai ma'aikata da yawa zai iya. Ni kuwa ni kaɗai ne, da hannu ɗaya a kan caja.

Dabaru dai ina da su, ba zan ɓoye miki ba. Zan iya ce wa Alhaji Turawan da ke riƙe da rumbun manhajoji sun hana sa bidiyon dabbobi, ya tsine musu mu wuce wurin. Ko in karɓi wayarsa da sunan goge gilashi, in kashe mata sabuntawa, ta tsaya a kan tsohuwar har abada, in raba wa sauran mutane sabuwa marar shanu, shi bai sani ba. Ko kuma in bar komai yadda yake, in ce wa masu ƙananan wayoyi zamani ya wuce su, su sayi manya. Ai na san dillalai, har da ɗan abin da zai shigo. Da na zayyana wa Fauziyya, sai da ta gama dariyarta tukuna, ta ce ai ni ne sarkin akwai, in je in akwai ɗin. Ta ce ita ta ɗauko saƙo daga gidansu zuwa wurina, amma ba za ta ɗauki ƙarya daga wurina zuwa gidansu ba.

To Goggo, ga tambayata. Yaya zan fitar da shanun nan daga manhajata ba tare da an mayar da ni wurin takalma ba? Na daɗe ina tsugune kafin in samu wannan dardumar, kuma ba na so in rabu da ita. Amma duk lokacin da na wuce shagon Aƙilu na ga ya koma rubuta sunayen masu ɗinki da alli a jikin bango, sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri.

Naki,
Mai Akwai, Kagarawal, Gombe

Amsar Goggo Fanta

Ɗana Mai Akwai,

Na karanta wasiƙarka ina murmushi, har na iso wurin da Aƙilu ya miƙo maka wayarsa. Nan murmushin ya tsaya. Ni ban san yadda ake haɗa manhaja ba, tsakanina da waya gaisuwa ce da sauraron saƙon murya. Amma na san kasuwa, na kuma san surukai, kuma matsalarka a tsakanin su biyun take.

Dokar ubangidanka tana aiki a inda aka kafa ta. In ka zaga ka karɓo wa mutum caja a shagon maƙwabci, zai biya ya tafi da abarsa. Ba ta kwana a teburinka, kuma mai sayen batir da zai zo bayansa ba ya ɗaukar nauyinta. A manhaja ba haka ba ne. Duk abin da ka ce akwai ya zauna ke nan, kuma kowa sai ya ɗauke shi a aljihunsa, ya so ko bai so ba. Aƙilu ko akuya ba shi da ita, amma da garke guda yake yawo.

Alhaji bai yi laifin komai ba. Tambaya ya yi, ka ce za a iya, kuma har yau bai san abin da shanunsa suka jawo wa wani ba. Kai ma son dardumar nan ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya taɓa tsugunawa wurin takalma a gidan surukai ya san darajarta. Amma dubi ɗaya gefen. Kai wurin zama kake tsoron rasawa, Aƙilu kuwa masu ɗinki ya rasa da sunansa a unguwa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ka tuna mutumin cikin keke da maganin tsohuwarsa. Manhajarka alkawari ɗaya ta yi wa mutane, cewa za ta yi magana in lokaci ya yi. Duk abin da ya hana ta cika wannan, komai kyansa, dole ya ba da wuri.

Dabarunka kuwa, ta ƙarshe kai ma ka san ka rubuta ta ne don in yi maka faɗa, to ɗauka na yi. Ta farko ba za ta yi nisa ba. Tsohon ma'aikaci ne, kuma a majalisar nan tasu ba za a rasa mai ɗa ko jika da ya karanci kwamfuta ba. Ranar da wani ya ce bai taɓa jin wannan dokar ta Turawa ba, ko wurin takalman ma sai ya yi maka wuyar samu. Ta biyun ce ta fi kusa da daidai, aibinta ɗaya, a ɓoye kake so ka yi ta. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, 'ya'ya suna sake wa ubansu sabuwa. Ran da hakan ta faru shanu za su ɓace gaba ɗaya, ka tashi da bayani biyu maimakon ɗaya.

Ka yi ta biyun, amma da rana tsaka. Ware wa shanun manhajarsu daban. Ai ka riga ka yi rabin aikin, tunda ka fitar da kwafin da babu su. Saura ka fitar da nasu wanda babu komai sai su. Kafin ka taɓa komai, ka adana hotunansa da bidiyoyinsa a wani wuri na daban, sannan ka yi ƙaurar a gabansa yana kallo, ya ƙirga abinsa ya ga babu wadda ta ɓata a hanya. Sunan sabuwar manhajar ma bar masa ya raɗa. Mutumin da ya sa wa karsana Tuna Mini ba zai rasa suna ba.

Sai dai kada ka tsaya a kan cewa ka yi masa tasa ta musamman, don wannan ma rabin ƙarya ce irin taku ta kasuwa. Faɗa masa dalili. Faɗa masa labarin Aƙilu da atamfofin biki. Mai shanu ya san raba garke in makiyaya ta yi kaɗan, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuma mutum mai kunya irin wanda ka siffanta, abin da zai fi ƙona masa rai shi ne ya ji a bakin wani cewa saboda shanunsa aka tozarta tela a bakin titi, surukinsa ya sani ya yi shiru. Ba zan yi maka alkawarin ba zai ɗan ja jiki ba, tsofaffi ba sa son a taɓa musu abin da suka saba da shi. Amma a ganina ba hotuna ne suka zaunar da kai a dardumar ba. Ya ga ka saurare shi, ka yi aiki da kula. Wannan kuwa yana nan ko a manhaja ɗaya ko a biyu.

Maganar ta bi hanyar da ta zo. Ka sake sauraron abin da Fauziyya ta ce. Ƙarya ta ce ba za ta ɗauka ba, ba ta ce ba za ta ɗauki gaskiya ba. Ta fara kai wa mahaifiyarta, a share maka fage, sannan ka je da kanka lokacin da yake shi kaɗai, ba a majalisa ba. Ka taƙaita. Kuma tun a ranar ka sanar da shi cikin ladabi cewa kai kaɗai ne a aikin, ba duk abin da aka nema zai samu nan take ba. Manhaja biyu baki biyu ne da za ka riƙa ciyarwa. In abokansa masu shanu suka fara sha'awa, madalla, amma kada ka yi musu alkawari a tsaye.

Kafin duk wannan, Aƙilu. Je ka same shi ba waya a hannunka, ba bayanin nauyi da ƙiba. Ba shi haƙuri kawai. Sannan in ya yarda, ku je gidan bikin nan tare, ka faɗa musu da bakinka cewa abin da ka haɗa ne ya yi shiru, ba shi ne ya raina su ba. Wataƙila su dawo, wataƙila ba za su dawo ba, amma unguwar da ta ji zagin ya kamata ta ji wannan ma. Kada ka roƙe shi ya mayar da manhajar. Bar marar nauyin ta daɗe tana aiki a wayoyin wasu tukuna. In ya ji ana yabonta zai miƙo maka wayarsa kamar yadda ya miƙo a farko, in kuma ya zaɓi allinsa, haƙƙinsa ne.

Ƙananan kayan nan ma ka zauna ka tace su. Ka ce ba ka da maƙwabci a wannan sana'ar, ni kuwa ina ganin kana da su da yawa. Akwai masu manhajar ƙwallo, akwai masu ta hasashen ruwa, sun fi ka iyawa, tura musu mutane. Tsohuwar wayar nan ta durowa kuma kada ka yar da ita. Ita ce alƙalinka daga yau. Duk sabon abin da ka haɗa, in ta ɗauka ba nishi ya shiga, in ta yi nishi ya tsaya a waje, ko wane ne ya nema.

Daga ƙarshe, tunda na samu mai haɗa manhaja a hannu, ni ma ina da 'yar buƙata. Kullum sai na manta inda na ajiye tabarauna. Ko Tuna Mini za ta iya riƙa nemo mini shi? Ka yi tunani da kyau kafin ka amsa, kuma kada ka ce in zauna in sha ruwa. Ka san amsar da nake so in ji, ka fara gwada ta a kaina, ni ba zan yi fushi ba.

Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya ƙara wa Alhaji lafiya da yawan garke, ya dawo wa Aƙilu da masu ɗinkinsa. Ka gaishe mini da Fauziyya, ka kuma riƙe ta da kyau, don ta riga ni ba ka amsa.

Goggo Fanta